A mayar da shagon da ya mutu gida, amma a fara daga bene

Duk wanda ya bi babban titin kasuwa na wani matsakaicin gari a Ingila cikin 'yan shekarun nan ya san yadda abin yake. Shago biyu ko uku a buɗe, sai wanda aka shafe gilashinsa da farin fenti, wasiƙu sun taru a bayan ƙofa, allon neman ɗan haya ya koɗe. Kusan shago ɗaya cikin bakwai a ƙasar babu kowa a ciki. Kantunan Woolworths sama da 800 sun rufe tsakanin ƙarshen 2008 da farkon 2009, BHS ya bi su a 2016, Debenhams a 2021, Wilko da kantunansa kusan 400 a 2023. Fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na sayayyar 'yan ƙasar yanzu ta intanet ake yin ta, kuma a farkon 2021 ta haura kashi ɗaya cikin uku. Cinikin da ya tafi ba zai dawo duka ba. A ɗaya gefen kuma ga matasa da tsofaffi masu zaman kansu suna neman ɗan wurin da za su sa haƙarƙarinsu, haya ta fi ƙarfinsu.

Don haka idan wani ya ce a mayar da waɗannan shaguna ƙananan gidaje, ban ga abin musu ba. Ginin yana nan, titi da ruwa da wuta suna nan, tashar bas tana kusa, kuma mutumin da ke kwana a tsakiyar gari shi ne mai sayen burodi da safe a shagon da ya rage. Inda na saɓa da yadda ake tafiyar da abin shi ne ta wane ɓangare na ginin ake farawa, da kuma wanda ke da ikon cewa a'a. A ganina benen da ke saman shago da bayan shago su ne gida. Gaban shagon da ke kallon titi, a tsakiyar jerin shagunan da har yanzu ake ciniki, shi ne wuri mafi muni da za a kwantar da mutum, kuma shi ne wurin da gari ya fi yin asara idan aka toshe shi. Dokar da ake aiki da ita yanzu ba ta bambanta su ba.

Ga yadda dokar take. A watan Satumba na 2020 gwamnati ta haɗe shaguna, ofisoshi, gidajen abinci, bankuna, wuraren motsa jiki, asibitocin unguwa da gidajen renon yara cikin rukuni guda da ake kira Rukunin E. Daga 1 ga Agusta 2021 aka ba masu irin waɗannan gine-gine damar mayar da su gidajen kwana ba tare da neman cikakken izinin tsara gari ba, a ƙarƙashin abin da ake kira Rukunin MA. Abin da mai gini zai yi shi ne ya miƙa wa ƙaramar hukuma takarda da zane, ita kuma ta duba wasu 'yan abubuwa da doka ta lissafa mata: ambaliya, gurɓatar ƙasa, zirga-zirgar motoci, hayaniyar wuraren kasuwanci na kusa, da samun hasken rana a ɗakunan zama. Kwana 56 gare ta. Idan ba ta ba da amsa ba, an ɗauka ta amince. Sharaɗin shi ne ginin ya yi shekara 2 a jere a Rukunin E, kada ya kasance cikin gine-ginen tarihi da aka yi wa rajista, kuma a kammala aiki cikin shekara 3. Da farko akwai ƙarin sharuɗɗa biyu: kada faɗin wurin ya wuce murabba'in mita 1,500, kuma sai ya yi wata 3 babu kowa a ciki. A ranar 5 ga Maris 2024 aka cire su duka biyu. Wato a yau ba sai shago ya mutu ba kafin a mayar da shi gida. Mai gini yana iya jiran yarjejeniyar haya ta ƙare, ya sallami mai wanki ko mai gyaran takalmi da ke cin abincinsa lafiya, ya sa gado a wurin.

Ba wannan ne karo na farko da aka gwada irin wannan sassauci ba, kuma an ga abin da ya haifar. A 2013 aka fara da ofisoshi. A lokacin babu ƙa'idar girman ɗaki, babu ta haske. A 2019 a garin Watford wani mai gini ya nemi mayar da tsohon wurin sana'a fulat 15, mafi ƙanƙanta murabba'in mita 16.5, bakwai daga ciki babu taga ko ɗaya. Ƙaramar hukuma ta ƙi, ya ɗaukaka ƙara, sufeton gwamnati ya ba shi gaskiya, domin dokar ba ta ce a duba taga ba. Binciken da gwamnati da kanta ta sa masana na jami'ar UCL da ta Liverpool suka yi, wanda ya fito a watan Yuli na 2020, ya gano cewa kashi 22 cikin 100 ne kawai na gidajen da aka samar ta wannan gajeriyar hanya suka kai girman da ƙa'idar ƙasa ta tanada, alhali waɗanda suka bi ta cikakken izini kashi 73 ne. Haka kuma kashi 72 na gidajen gajeriyar hanya ta fuska ɗaya kawai suke da taga.

An gyara wasu kurakuran, dole a faɗi gaskiya. Daga Agusta 2020 sai kowane ɗakin zama ya samu isasshen hasken rana, daga 6 ga Afrilu 2021 kuma sai an bi ƙa'idar girma: murabba'in mita 37 ga mutum ɗaya idan banɗakin shawa ne, 39 idan akwai bahon wanka, 50 ga mutum biyu a fulat mai ɗakin kwana ɗaya. Ɗakin kwanan mutum ɗaya kada ya gaza 7.5 kuma faɗinsa ya kai mita 2.15, na mutum biyu 11.5. Tsayin silin ya kai mita 2.3 a aƙalla kashi uku cikin huɗu na gidan. Ba ni da matsala da ƙaramin gida. Murabba'in mita 37 da aka tsara da hankali ya ishi mutum ɗaya ya rayu da mutunci. Matsalar ita ce ƙa'idar tana auna faɗin ƙasa ne, shi kuwa shago siffarsa ce ke da lahani.

A ɗauki misalin shago irin wanda ya cika tsofaffin titunan Ingila: faɗin mita 5.5, zurfin mita 20, maƙwabta sun manne masa hagu da dama. Murabba'in mita 110 ke nan. A takarda fulat biyu ne masu 50, har da ragi. Amma haske ta ina? Bangon gefe ba a fasa shi, na maƙwabci ne. Taga sai gaba da baya. Ƙa'idar da masu zanen gini ke amfani da ita ita ce hasken rana mai amfani yana shiga ɗaki kamar ninki biyu zuwa biyu da rabi na tsayin saman taga daga ƙasa. Idan saman tagar yana kan mita 2.4, haske zai kai mita 5 zuwa 6, daga nan sai duhu. Mita 6 a gaba, mita 6 a baya, saura mita 8 a tsakiya da ba za su taɓa ganin rana ba. A cikin waɗannan mita 8 ana iya sa banɗaki, da ma'ajiyar kaya, da matattakala, amma banɗaki biyu da ma'ajiya biyu ba za su cinye murabba'in mita 44 ba. To me ake yi da sauran? Nan ne mai neman riba yake zana "ɗakin karatu" ko "sito" a takarda, wanda ranar da aka ba da haya zai zama ɗakin kwanan yaro. Kuma wannan lissafin ya ɗauka cewa bayan shagon a buɗe yake. Sau da yawa tagar baya bangon wani gini take kallo a tazarar mita 2, ko kwandunan sharar gidan abinci.

Maganin da ke aiki shi ne a yarda a yi asarar ƙasa. Idan bayan shagon ƙari ne mai hawa ɗaya, kamar yadda yawancinsu suke, a cire rufin wani yanki na tsakiya, kamar mita 3 sau 3 ko fiye, a mayar da shi 'yar tsakar gida. Nan take ɗakuna biyu sun samu taga da iska. Idan hakan bai yiwu ba, a fasa tagogin rufi. Tagar rufi tana kawo haske fiye da ta bango mai girma ɗaya, amma ba ta ba mutum abin kallo, kuma ba a fita ta cikinta idan gobara ta tashi. Manyan kantuna irin na Debenhams kuwa, waɗanda zurfinsu ya ninka wannan, sai dai a huda ginin daga sama har ƙasa ko a rushe rabinsa, shi ya sa da yawansu suka fi dacewa da wani amfanin daban.

Sai gaban shagon. Gilashin nuna kaya an yi shi ne don duk mai wucewa ya ga ciki. Idan aka bar shi yadda yake, mai gidan zai rataya labule ya bar shi a rufe dare da rana, hasken da aka rubuta a takarda ya tafi, ga sanyi a hunturu ga zafi a bazara. Idan za a cire shi a gina bango da taga, to a sani Rukunin MA canjin amfani kawai ya halatta, bai halatta taɓa fuskar gini ba. Sai an nemi izini daban, kuma mutane da yawa sai sun sayi ginin suke gano haka. Gyaran da ya fi kyau shi ne a bar firam ɗin shagon da allon sunansa na sama, a ja sabon bangon ciki da kamar mita 1 zuwa 1.5, tazarar ta zama ɗan zaure na shiga, da wurin keke da kwandon shara. A ɗaga gindin taga zuwa kamar mita 1.1, in ya yiwu a ɗaga daɓen ɗakin ma, ta yadda idon mai zaune a kujera ba zai yi daidai da na mai tafiya a titi ba. Duk da haka, ɗakin kwana bai kamata ya kasance a nan ba.

Abin da ke cinye kuɗi a irin wannan aiki galibi ba a ganinsa ranar da aka je duba gini. Shago banɗaki ɗaya gare shi, can ƙurya a baya. Fulat ɗin gaba yana buƙatar nasa, da kicin. Bututun ƙazanta mai faɗin milimita 110 yana son gangara, aƙalla 1 cikin 80, an fi son 1 cikin 40. A tsawon mita 20 wannan saukar santimita 25 zuwa 50 ce. Ko dai a fasa kankaren ƙasa a haƙa, ko a ɗaga daɓe, wanda zai rage tsayin silin ya kuma kawo tudu a bakin ƙofa. Kafin a zana komai a buɗe murfin ramin magudana a auna zurfinsa, a tura kyamara cikin bututun, domin tsofaffin bututun yumɓu sukan tsage ko saiwa ta shige su. Masu gudun haƙa sukan sa famfon lantarki mai niƙa ƙazanta ya tura ta cikin siririn bututu. Ranar da aka ɗauke wuta ko aka jefa abin da bai kamata ba, gidan ya rasa banɗaki. Ga kuma mita: kowane fulat yana buƙatar tasa ta wuta da ta ruwa, kuma kamfanonin sukan ɗauki makonni ko watanni kafin su zo, don haka tun ranar farko ake neman su. Ginin da aka yi ko aka gyara kafin shekarar 2000 kuma sai an bincika asbesto, wani kayan gini na da wanda ƙurarsa ke lalata huhu, kafin a ɗaga guduma. A shaguna yakan ɓuya a allunan silin, da tsofaffin tayil na roba da gam ɗinsu.

Danshi shi ne ciwon da ke fitowa bayan shekara guda, lokacin da magini ya riga ya karɓi kuɗinsa. Shago ƙofarsa a buɗe take wuni guda, ba a dafa abinci, ba a wanka, ba a shanya kaya. Da ya zama gida, mutum biyu za su riƙa sakin litoci na tururi kullum. Tsohon bangon bulo da ba shi da rami a tsakiya sai an liƙa masa abin tare sanyi ta ciki, domin ta waje titi ne. Idan aka yi aikin da ganganci, aka bar giɓi a kusurwa ko a gefen taga ko inda katakon bene ya shiga bango, tururin zai bi giɓin ya tarar da bulo mai sanyi ya zama ruwa. Sai baƙar fumfuna a bayan durowa, sai kan katako ya fara ruɓewa a cikin bango inda ba mai gani. Ƙa'idar gini ta ce fankar zuƙe iska ta banɗaki ta ja lita 15 a daƙiƙa, ta kicin lita 30 idan a saman murhu take, 60 idan a wani wuri take. Amma a gida mai zurfi bututun fankar yakan yi tafiyar mita 8 ko 10 da lanƙwasa uku kafin ya kai waje, ƙaramar fanka mai araha kuma ba ta da ƙarfin tura iska wannan nisan. Tana ƙara, ba ta jan komai. A irin wannan gida a sa na'urar da ke aiki dare da rana, da bututu mai tauri ba mai lanƙwashewa ba, a kuma auna abin da take ja kafin a rufe silin.

Gobara da hayaniya su ne inda ba a yin rangwame. Tsakanin shago da gidan da ke samansa ko bayansa ana buƙatar shingen da zai tare wuta, galibi na minti 60, kuma duk ramin da waya ko bututu ya ratsa sai an toshe shi da abin da ba ya ci. Ƙofar kowane fulat ta jure wuta minti 30, da abin da ke rufe ta da kansa. Hanyar fitar mazauna kada ta bi ta cikin shago. Kuskuren da aka fi yi a gini mai zurfi shi ne ɗakin kwanan da ba a fita daga cikinsa sai ta kicin, wato ta inda wutar ta fi tashi. Ana yarda da haka ne kawai idan ɗakin yana da tagar tsira mai buɗewa aƙalla murabba'in mita 0.33, kowane gefe bai gaza milimita 450 ba, gindinta bai wuce mita 1.1 daga ƙasa ba, kuma hawan bai fi mita 4.5 daga titi ba. A ɓangaren sauti, gidan da aka samar ta canjin amfani sai ya tare aƙalla desibel 43 tsakaninsa da maƙwabci, kuma gwaji ake yi da na'ura bayan an gama. Tsohon daɓen katako ba ya cin wannan gwaji sai an cusa masa ulun dutse, wato abin tare sauti mai kama da auduga, an rataya sabon silin mai allo biyu a kan ƙarafa masu ɗan motsi. Wanda ya faɗi gwajin bayan ya yi fenti ya shimfiɗa kafet, sai ya sake ɓalle komai.

Duk wannan wahala ana shan ta ne don a samu gida mafi rauni a ginin, a kuma rasa yanki mafi daraja. Masu ƙiyasta kuɗin hayar shago a Ingila suna da hanyar da suka daɗe suna bi: mita 6.1 na farko daga gilashi su ne yanki na ɗaya, a kansu ake sa cikakken farashi. Mita 6.1 na biyu rabin farashin, na uku rubu'i, haka har ƙurya. A shagon misalinmu mai zurfin mita 20, yankin farko bai kai kashi ɗaya cikin uku na ƙasar ba, amma shi ke kawo fiye da rabin kuɗin hayar. Kasuwa da kanta ta faɗi inda darajar shago take. Sai a bar mita 6 zuwa 8 na gaba ya zama ƙaramin shago da ɗan banɗakinsa, a yanke sauran ya zama gida mai shiga ta baya ko ta wani siririn lungu a gefe. Ƙaramin shago haya kaɗan ne, harajin wurin kasuwanci kaɗan ne, kuma shi ne daidai ƙarfin mai aski, mai gyaran waya, mai ɗinki, mai sayar da fure. Da yawa daga cikin shagunan da ke zaune babu kowa ba rashin mai so ne ya kashe su ba, girma suka yi wa masu son.

Sama kuwa, nan ne abin takaicin yake. Benayen da ke saman shagunan tsofaffin garuruwa da ma can gidaje ne. Mai shago da iyalinsa a nan suke kwana. Suna da tagogi gaba da baya, silin mai tsayi, ɗakuna da aka yanka daidai da zaman mutum. Abin da ya kore mutane shi ne zuwan manyan kamfanoni masu rassa, waɗanda suka riƙa karɓar hayar gini gaba ɗaya na shekaru masu yawa, gyara da inshora a wuyansu. Ba su son ɗan haya a sama, kada ya bar famfo a buɗe ya jiƙa kaya. Sai suka cire ƙofar gefe da matattakala don gilashi ya ƙara faɗi, sama ya zama wurin tara kwali, daga baya wurin tantabaru. Dawo da shi yana nufin a karɓi kamar mita 1 daga faɗin shago don ƙofa da matattakala, ko a haɗa gine-gine uku ko huɗu su yi tarayya a matattakala ɗaya ta baya. Doka ma ta ba da dama: Rukunin G ya halatta fulat har biyu a saman shago. Tun 1989 wata mata mai suna Ann Petherick ta kafa wani shiri a birnin York na zama a saman shaguna, kuma dabararta har yau tana da amfani: mai gini ya ba wata ƙungiyar samar da gidaje hayar benen na tsawon shekaru, ita ta gyara ta kuma yi hulɗa da mazauna, shi bai san ciwon kan ɗan haya ba. Wani cikas da ya rage shi ne bankuna da yawa ba sa son ba da bashin sayen fulat da ke saman gidan soye-soye ko mashaya, shi ya sa irin waɗannan gidaje suka fi tafiya a haya fiye da sayarwa.

Za a ce mini: shagon da ya shekara uku a rufe, ba gara gida ko wane iri ba? A ƙarshen titi, inda jerin ya riga ya tsinke, inda tsakanin wannan shago da na gaba akwai gidaje biyar, na yarda ɗari bisa ɗari. Garuruwa da yawa titin kasuwarsu ya yi musu tsawo, kuma gara a taƙaita shi da gangan, shagunan da suka rage su matso wuri ɗaya. Amma a tsakiya lissafin daban ne. Mai yawo a kasuwa yana tafiya ne muddin akwai abin kallo a gabansa. Idan ya tarar da labule uku a jere sai ya juya, shagunan da ke gaba da wurin su rasa shi. Shagon da ke rufe yana iya buɗewa wata mai zuwa. Wanda ya zama fulat biyu aka sayar wa mutum biyu, kowanne da bashin banki na shekara 25, ya tafi ke nan. Sannan sabon mazaunin yana da haƙƙin yin ƙorafi a kan motar da ke sauke kaya da asuba da kiɗan gidan abinci da dare. Ana maganin ƙaba kai na kumbura.

Wanda ya san inda tsakiya ta ƙare kuma gefe ya fara shi ne ƙaramar hukuma, ita ce kuwa dokar ta ɗaure wa hannu. Sai a yankunan da aka keɓe don tarihinsu ne kawai take iya duba illar rasa shagon ƙasa. A sauran wurare makaminta ɗaya ne, umarnin da ake kira Sashe na 4, wanda ke janye wannan dama a wani yanki. Tun Yuli 2021 gwamnati ta ce a yi amfani da shi a mafi ƙanƙantar yanki kawai, minista yana iya rage shi ko soke shi, kuma sai an ba da sanarwar wata 12 idan ba a son biyan diyya. Cikin waɗannan watanni duk mai niyya ya riga ya miƙa takardarsa. Ni da za a bi tawa, juya abin za a yi: sama da baya su zama halal kai tsaye a ko'ina, hawan ƙasa a gefen gari ma haka, amma gaban shago a cikin yankin da hukuma ta shata a taswirarta a matsayin cibiyar kasuwa sai da cikakken izini. A kuma dawo da sharaɗin zaman shago babu kowa, a ƙara shi ya kai shekara guda, da shaidar cewa an nemi ɗan haya a farashin da ya dace.

Akwai kuma maganar kuɗi. Gidajen da suka bi ta gajeriyar hanya ba sa biyan gudummawar da ake karɓa a ƙarƙashin Sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, wadda da ita ake samar da gidaje masu rangwame da kujerun makaranta. A fulat biyu wannan ba komai ba ne, amma tunda aka cire iyakar 1,500, gini mai fulat 80 ma yana iya wucewa haka. Ga mai ƙaramin gini kuwa, abubuwa biyu ne ke tura shi ya yanke shawara: bayan wata 3 shago yana rufe, cikakken harajin wurin kasuwanci yana dawowa kansa, sannan aikin mayar da wurin kasuwanci gidan kwana harajin VAT ɗinsa kashi 5 ne maimakon 20, in dai maginin ya san ya rubuta haka a takardar kuɗi tun farko. Daga Disamba 2024 kuma ƙananan hukumomi sun samu ikon yin gwanjon hayar shagon da ya yi fiye da shekara guda a rufe cikin shekara 2, na tsawon shekara 1 zuwa 5, ko mai ginin bai so ba. Kamata ya yi a fara gwada wannan a kan gaban shagon, a ga ko a farashin gwanjo akwai mai aski ko mai ɗinki da zai karɓa, kafin a kira magini ya toshe gilashin.